Akwatin da Obadiah Ya Kai Orozo

Obadiah direba ne, kuma irin direbobin nan ne da ke sa mai gaggawa ya yi da-na-sanin shiga motarsu. Tun kafin a dawo da ma'aikatarsu Abuja yake tuƙi, bai taɓa goge ko ginshiƙin ƙofa ba. Ogansa Alhaji Saleh, darakta a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, yakan ce duk mai son ya rasa jirgi cikin kwanciyar hankali to ya sa Obadiah ya kai shi filin jirgi. Duk da wannan tsiya da yake yi masa, bai yarda wani ya tuƙa shi ba sai shi. A Masaka kuwa, inda yake zaune da matarsa Felicity, ba mai ce masa direba. Dattijo ake kiransa, domin dattijon ikilisiya ne a wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano a bayan kasuwa. Shi ke koya wa masu shirin baftisma Dokoki Goma, shi kuma ke zagayawa da ƙoƙo ranar Jibin Ubangiji.

In yana koyar da dokokin nan, a kan sata da zina yake daɗewa, har gumi ya keto masa. Amma da ya iso kan wadda ta ce kada ka yi kisankai, sai ya karanta ta da sauri ya wuce. A ganinsa wannan dokar ta 'yan fashi ce da sojojin juyin mulki, ba ta masu sayar da tumatir da 'yan ɗinki da ke zaune a gabansa ba. Balle shi, wanda ko kaza za a yanka a gidansa sai ya sami dalilin fita.

Shekarun nan ne da farar hula suka karɓi mulki, Abuja ta haukace da gini. Duk wanda ya sami abin hannu sai ya nemi fili, wanda ya rasa a cikin gari ya gangara ƙauyukan gefe. Tifofin yashi kuwa suka mai da hanyar Karshi gidan ubansu, su tsaya inda suka ga dama, su tashi sa'ad da suka ga dama. Alhaji Saleh ma ya sami nasa filin a can, kuma wata ranar aiki da hantsi ya aiki Obadiah ya kai wa magina saƙo.

A hanyar dawowa ne abin ya faru, daidai Orozo. Wata tifa na tsaye a gefen titi ta tare rabin hanya. Obadiah ya rage gudu, wanda dama ba gudun kirki ba ne, ya karkata zai wuce ta. Sai ga wani dattijo a kan keke, da doya ɗaure a baya, ya ɓullo ta gaban tifar. Obadiah ya taka birki da iya ƙarfinsa, amma ina. Ya ji ƙarar a cikin haƙoransa. Doya ta watse a kan kwalta, keken ya yi gefe, mutumin ya faɗi rubda-ciki bai ko motsa ba.

"Ya kashe shi! Ya kashe shi!"

Wata mata ce ta fara, 'yan acaɓa suka karɓe. Kafin ya sauke hannu daga sitiyari dutse ya sauka a kan gilashin baya. Direbobin Abuja suna da doka guda da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma kowa ya haddace ta: in ka buge mutum, kada ka tsaya, ka zarce caji ofis. Sun ga abin da taro ke yi wa wanda ya tsaya, da taya da fetur. Obadiah kansa ya sha faɗa wa sababbin direbobi haka a gindin bishiyar da suke jiran oganninsu. Ƙafarsa ta bi dokar tun kafin kansa ya gama tunani.

Ya faɗa caji ofis mafi kusa, ya dafa kantar 'yan sanda da hannu biyu.

"Ofisa, na kashe mutum," in ji shi. "A Orozo. Ku taimake ni, na kashe mutum."

Aka karɓi makullin mota, aka zaunar da shi a bayan kanta, aka yi ta tambaya ana rubutawa. Motar sintiri ta fita, sai da aka jira ta dawo. Ko da suka isa wurin, rana ta karkata, ba su tarar da komai ba sai jini a kan kwalta da keke a lanƙwashe. Mutanen wurin suka ce 'yan'uwansa sun ɗauke shi, suka kuma ƙi ƙara ko kalma, don ba mai son ya zama shaida. 'Yan sanda suka leƙa asibitocin da ke kusa, ba a kwantar da kowa ba. Sajan ɗin da ke riƙe da maganar ya dubi Obadiah da ɗan tausayi ya ce, "Baba, wanda aka buge ba a kai shi asibiti ba, ai ka san inda aka kai shi."

Alhaji Saleh ya zo da kansa ya yi belinsa. A cikin mota ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙaddara ce, Obadiah. Ni shaida ne ba ka gudu da mota. Ka je gida ka huta, in an neme ka za a kira ni." Obadiah ya ce, "Na gode, Oga," amma ko kaɗan maganar ba ta shiga ba.

A gida ya zama wani mutum dabam. Felicity ta kawo tuwo, ya dube shi ya ture. Ta kawo kunu, ya kurɓa ya ajiye. Yini yake a kan benci a tsakar gida yana kallon tafin hannunsa, kamar mai neman ƙaya. Ba tsoron kotu ne ya dame shi ba, don har lokacin ba wanda ya kai ƙara. Abu guda ne ke cin sa: shin shi Obadiah yanzu mai kisankai ne a gaban Allah? Ga Lahadin Jibin Ubangiji tana matsowa. Da wane hannu zai miƙa wa mutane ƙoƙo?

Da abin ya ishe shi ya tafi wurin Fasto Zacharias. Faston ɗan gajere ne mai tabarau, mutumin kirki, aibinsa ɗaya kawai: in ka tambaye shi hanya sai ya ba ka tarihin wanda ya share ta. Suka zauna a gindin mangwaron ƙofar gidansa da la'asar.

"Baba Fasto, ku nemi wani ya riƙe ƙoƙo," in ji Obadiah. "Ni na fita daga ciki. Dokar a fili take. Kada ka yi kisankai. Ba ta ce sai dai in hatsari ne ba. Ni nake koyar da ita, na san ba ta da wutsiya."

Fasto ya gyara tabarau, ka ga mutumin da aka taɓo masa inda yake so.

"Dattijo, ka san mutumin nan?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Kana ƙinsa? Ka fito daga gida da niyyar ka ga bayansa?"

"Haba, Baba Fasto."

"To ka saurara. Wanda ya ba da dokar nan ta hannun Musa, shi ne kuma ya ƙara bayani a gaba, don ya san za a sami irinka. Ya ce a ce mutum biyu maƙwabta sun shiga jeji saran itace. Ɗaya ya ɗaga gatari, ruwan gatarin ya fice daga ƙota ya sami ɗan'uwansa, ya mutu. Ba gaba tsakaninsu, ba komai. Ka san hukuncin da aka yanke masa? Ba a ce a kashe shi ba. Cewa aka yi a keɓe garuruwa na mafaka, ya ruga can, don kada dangin mamacin su cim masa da zafin zuciya. Har hanya aka ce a gyara masa don ya ji daɗin gudu. To kai birki ne ya zama ƙotarka, caji ofis kuma garin mafakarka. Abin da dokar take hari shi ne zuciyar da ta ƙulla mugunta. Taka ba ta ƙulla komai ba."

Ya ci gaba da kawo misalai har kaji suka fara neman makwanci. Obadiah ya tashi da ɗan sauƙi a ƙirjinsa, irin wanda bai ji ba tun ranar. Har ya gaisa da mai shago a hanya.

Ya tarar da Felicity tana tsince wake a faifai. Ya zauna ya kwashe labarin mai gatari ya faɗa mata, har da kwaikwayon muryar Fasto. Ta saurara ba ta ɗago kai ba. Felicity ba mai yawan magana ba ce, amma tambayarta ɗaya takan rushe ginin da aka yini ana yi.

"Baban Angela," ta ce, da sunan 'yarsu ta fari kamar yadda ta saba kiransa, "shi mai gatarin, kafin ya ruga, ya duba maƙwabcin nasa?"

"Kamar yaya?"

"Ai an ce ya mutu. To wa ya gaya masa ya mutu? Ina jin sai da ya durƙusa ya taɓa shi, ya kira sunansa. Kai ka sauka ka taɓa naka?"

Ransa ya ɓaci. "So kike da na tsaya su ƙone ni? Da yanzu ke ce a zaune cikin baƙaƙen kaya!"

"Allah ya kiyaye. Kullum sai na gode wa Allah da ka gudu." Ta hure ƙaiƙayin waken. "Tambaya kawai na yi."

Shi ke nan, ɗan sauƙin da ya samo a gindin mangwaro ya bi iska. Fasto ya wanke shi daga bugewar, amma ba wanda ya wanke shi daga tafiyar. Ya bar mutum kwance a kan kwalta mai zafi, ko fuskarsa bai gani ba. Wannan ya fi ƙarar keken yi masa ciwo.

A nan ne ɗan ƙauyen da ke kwance a cikin dattijon ikilisiya ya farka. A ƙauyensu Obadiah, can kan duwatsu, suna da wata al'ada. Duk wanda rai ya salwanta ta hannunsa, ko da kuskure ne, ba ya sa hannu a kwano ɗaya da mutane sai ya sayi akwatin gawa da kansa, ya kai gidan mamacin, ya durƙusa a ƙofa. In sun karɓi akwatin, sun karɓi tubansa. In sun ƙi, ya san matsayinsa. Ya ce wannan zai yi.

Fasto ya ce al'adar ƙauye ce, ba ta cikin Littafi. Obadiah ya ce ya sani, amma ƙafarsa ƙafar Orozo. Fasto ya ga ba zai tanƙwaru ba, ya ce to ba zai bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Wani ɗan acaɓa cikin 'yan majami'a ya bincika musu a wurin abokan sana'arsa, ya dawo da suna: Baƙo ne, manomin doya, gidansa na bayan injin niƙa. Da aka tambaye shi ko an riga an yi jana'iza, ya ce bai ji an yi ba. Wannan bai ba Obadiah mamaki ba, domin a wurinsu gawa takan daɗe a ɗakin sanyi ana jiran dangi su taru daga Legas da Fatakwal. Bai tsaya ya tambayi kansa ko mutanen Baƙo ma haka suke yi ba. Ya tafi wurin kafinta ya zaɓi akwati mai fenti ruwan ƙasa, da hannaye masu ƙyalli. A cewarsa ba zai haɗa wa mutum kisa da rowa ba.

Ranar Asabar da safe suka ɗauki hayar akori-kura. Akwati a baya an rufe shi da zane, Felicity a gefensa da kular abinci irin ta gidan makoki, Fasto da Obadiah a gaba. Da suka zo daidai inda abin ya faru Obadiah ya runtse ido, bai buɗe ba sai da ya ji motar ta sauka daga kwalta.

Gidan bayan injin niƙa bai yi kama da gidan rasuwa ba. Ba rumfa, ba tabarmi, ba takalman masu gaisuwa. Awaki na ta harkarsu. Wata dattijuwa tana shanya garin rogo a ƙofar gida. Fasto ya yi tsammanin sun ɓata hanya, ya leƙo ya tambaya ko nan ne gidan Baƙo. Ta ce nan ne, ita ce matarsa Rekiya. Mai akori-kura kuwa, wanda ke sauri ya koma kasuwa, tuni ya zaga ya yaye zanen.

Rekiya ta ga akwati. Ta saki kwanon da ke hannunta.

"Innalillahi! Wa ya mutu?"

Obadiah ya sauko, ya zube gwiwa biyu a cikin ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Mama, ni ne. Ni ne direban da ya kashe maigidanki. Ban zo da wata hujja ba. Ku yi mini abin da kuka ga dama."

Wata maƙwabciya da ta hango akwatin daga nesa ta ɗora hannu a ka ta tsala ihu, ba ta ma jira ta ji na wane ne ba. Cikin wannan hayaniya sai wata murya ta fito daga ɗakin da ke kusa da ƙofa, a shaƙe amma da sauran faɗa a cikinta.

"Rekiya! Wane ne wannan ya kashe ni ban sani ba?"

Obadiah ya ɗago kai a hankali. Ya dubi Rekiya, ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi Fasto. Felicity ta kama shi ta hammata ta tashe shi. Ta raɗa masa, "Baban Angela, yana da rai." Ya ce, "Na ji." Ta sake faɗa, shi ma ya sake cewa ya ji, hawaye na zuba har cikin bakinsa.

Baƙo na kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafarsa ta dama an ɗaure ta da karare da tsumma irin na masu ɗori. Siriri ne, da furfura a gemu, da idanu masu neman tsokana. Ya ƙare wa baƙin kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi wa Obadiah magana da Hausarsa irin ta wanda ba Bahaushe ba.

"Kai ne mai farin mota?"

"Ni ne, Baba."

"To sannu da zuwa. Matana ya ce ka kawo mini akwati."

Obadiah ya rasa inda zai sa kansa. "Baba, an ce mini... na ɗauka..."

"Mai kyau ne? Da fenti?"

"Da fenti, Baba," in ji Fasto, don ya ga Dattijo ba zai iya ba.

Baƙo ya fashe da dariya har ƙafar ta motsa ya cije leɓe. "Kai jama'a! Ko da na mutun ma, ni da nake salla, me zan yi da akwati? Farin ƙyalle ya ishe ni, kuma kafin ka gama ciniki da kafinta an daɗe da rufe ni. Ka yi asara biyu, direba."

Fasto ya yi dariya, Felicity ta rufe baki da gefen zane tana yi. Obadiah ma ya yi, irin dariyar da ba a raba ta da kuka. Bai taɓa jin daɗin a mai da shi wawa ba sai yau. Da Baƙo zai yini yana yi masa tsiya, da ya zauna ya saurara da godiya, domin matacce ba ya tsiya. Rekiya kaɗai ce ba ta ga abin dariya ba. Tana daga waje tana faɗa a kawar mata da wannan abu daga ƙofar gida kafin a tara mata gari.

Da dariya ta lafa, Obadiah ya matso kusa da katifar ya ce, "Baba, ka yafe mini. Na buge ka, na kuma gudu na bar ka."

Baƙo ya mai da ido kan rufin ɗaki.

"Bugewa dai ni na fito ban duba ba, tifa ya rufe mini ido. Gudu kuma, da ka tsaya da yaran nan sun gama da kai, ni ma in ni ne zan gudu. Wannan duk na yafe." Ya juyo da kai. "Amma bari in tambaye ka. Ina kwance a wurin, ina jin komai, bakina ne kawai ya ƙi buɗewa. Mutane suka bi motarka da dutse, suka manta da ni. Wani mata mai gasa masara ne ya ɗaure mini ƙafa da ɗankwalinta. Ina ta cewa a raina, direban nan ya tafi wurin 'yan sanda, yanzu zai turo su da mota su ɗauke ni. Na jira, na jira. Da ka je, me ka ce musu?"

Obadiah ya dubi ƙasa.

"Na ce na kashe mutum."

"Ba ka ce akwai mutum a kwance yana zubar da jini ba?"

"Ban ce ba, Baba."

"To ka gani. Wa zai yi sauri saboda gawa?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi shiga. Obadiah ya tuna yadda ya dafa kanta yana roƙon a taimake shi, shi, mai ƙafafu biyu lafiyayyu. Ashe tun a can ya binne mutumin nan da bakinsa, ya zauna yana makokin kansa. Duk kwanakin da ya yi yana auna ko shi mai kisankai ne ko ba shi ba, da Fasto da mai gatari da garin mafaka, hankalinsa na kan hannunsa ne. Ko sau ɗaya bai koma kan wanda aka bari a kwalta ba. Kunya ta kama shi, amma kunya ce mai sauƙin ɗauka, tunda ga wanda yake jin kunyar tasa yana numfashi a gabansa.

Ya kama hannun Baƙo da hannu biyu zai sake ba da haƙuri, sai ya ji hannun da zafi kamar an ɗauko shi daga bakin murhu. A lokacin ne kuma ya gane warin da ke cikin ɗakin ba na maganin ɗori ba ne kaɗai. Ya dubi ƙafar da kyau. Sama da inda aka ɗaure ta kumbura tana sheƙi, tsumman ya jiƙe da wani ruwa.

"Mama," ya kira Rekiya, "ba a kai shi asibiti ba?"

Ta shigo tana goge hannu. "Mun kai shi wani, suka ce sai da takardar 'yan sanda. Mu kuma ina mu ina 'yan sanda? Muka wuce wurin mai ɗori. Ƙashi ya ce ya zauna, ciwon ne ya ƙi rufewa. Ga zazzaɓi, abinci ma sai da faɗa."

"Ba inda za ni," in ji Baƙo. "Su yanke mini ƙafa, da me zan yi kunyar doya?"

"In ka zauna a nan ne za a rasa ƙafar, Baba, har da mai ƙafar." Muryar Obadiah ta fito da wani ƙarfi da shi kansa bai san yana da shi ba. "Maganar 'yan sanda ku bar ta a hannuna. Ni na buge ka, suna da sunana, sun san fuskata. Ni zan tsaya a gaban likita in ce ga wanda na buge. Ogana ma zan kira shi. Yau za mu tafi, yanzu."

Ya juya wajen Fasto, kamar mai neman a sa masa hannu. Fasto Zacharias ya cire tabarau ya goge, kuma a karo na farko a tarihin majami'arsu ya gama wa'azi cikin numfashi ɗaya.

"Dattijo, mai gatari bai sami irin wannan dama ba. Ka yi sauri."

Aka sauke akwatin aka jingine shi a bayan injin niƙa, mai akori-kura na gunaguni cewa ba haka aka yi da shi ba. Felicity da Rekiya suka shimfiɗa tabarma da bargo a bayan motar. Saura fito da mara lafiya, ga ƙofar ɗakin ƙarama ce, mutum biyu ba za su wuce da shi a tare ba. Obadiah ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban katifar ya ba da baya.

"Hau, Baba."

"Kai da ka buge ni da mota, yanzu kuma goyo?"

"Hau dai."

Fasto ya tallafe ƙafar mai ciwo, Baƙo ya saƙalo hannuwa a wuyan Obadiah. Ya miƙe da shi a hankali. Mutumin da ake gani siriri ashe nauyi gare shi, ga zafin jikinsa na ratsa riga, ga numfashinsa na sauka a bayan kunne, ga zuciyarsa tana bugawa a tsakiyar bayan Obadiah, bugu bayan bugu. Obadiah ya tsaya cak a bakin ƙofa, don kawai ya ƙara jin bugun nan.

"Direba, lafiya? Ko mai ya ƙare?"

"Lafiya lau, Baba."

"To mu je. Amma a hankali, kada ka ƙarasa ni."

"A hankali za mu je," in ji Obadiah. Ya sunkuyar da kai saboda ƙofar, ya fito da shi cikin rana.